Rami Biyu a Zangon Tit

A'a Gwamma, tsaya. Ki daina cewa malaminki ne ya gano sarƙar Laure. Ni ke suyar ƙosai a ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda, ba mai shiga ko fita sai ya ratsa hayaƙina. Zauna ki ji yadda aka yi.

Ran Talata da safe Laure ta zo, ido jawur. Kin san aikinta: in an kwaso baƙi masu yawon buɗe ido, ita ke yafa wa matansu lulluɓi, ta rataya musu azurfa su yi hoto. Ran Litinin an kai baƙi takwas bayan garin Tit. Aka hau raƙuma, aka yi musu kiɗa, aka tafi kallon zanen duwatsu, har da ita Lauren. Da aka zo kwashe kaya, babbar sarƙar kakarta ta Agadas babu ita cikin akwati.

Ta yi ƙara a bariye, shingen kan hanya, jandarmomi suka caje motar da jakar kowa, ba su ga komai ba. Sai aka riƙe Sha'ibu mai dafuwa, ɗan Maradi, tunda shi ake bari a zango. Ba shi da takardu. In bai fito ba kafin Juma'a, kamyo, babbar motar nan da ke zubar da mutane a iyaka, zai hau, ga matarsa da cikin wata takwas.

Sufeto Abdulbaƙi aka ba aikin. Balarabe ne, amma a kasuwar nan ya girma, Hausarsa ta fi taki. Ya sa Sha'ibu a mota suka koma zangon.

"Nan ka gasa tagella?" Burodin Buzayen nan da ake binnewa a yashi ƙarƙashin garwashi, baƙi na ta hoto kamar ba su taɓa ganin gari da ruwa ba.

"Nan ne, shef."

"Rami nawa ka haƙa?"

"Ɗaya."

Sufeto ya zaga bayan wani dutse, ya tura takalminsa cikin yashi. Sai ga toka.

"Wannan fa?"

"Ban san shi ba."

"Ka bar zango jiya?"

"Tahiru ɗan jagora ya ce in sun tafi in shiga gari in sayo na'ana'a. A ƙafa, na fi awa guda. Da na dawo na tarar ƙullun da na kwaɓa ya ragu. Na ce akuya ce."

"Akuya ta ci, ta mayar da murfin kwano?"

Sha'ibu bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Aka kira Tahiru ofis. Ya zo da ƙaton rawani da baƙin tabarau. Ɗan Damagaram ne, na san uwarsa, amma baƙi yake gaya wa a bayan raƙumi aka haife shi.

"Kana ina lokacin kallon duwatsu?"

"Tare da baƙina, shef. Tun tafiya har dawowa."

Sufeto ya tafi otel, ya roƙi wata baƙuwa 'yar Alje ta nuna masa salularta. Hoto ya fi arba'in a wajen duwatsun. A ko'ina Hasan mai raƙuma ne ke nuna musu zanen raƙumin dawa da sanda, shi da bai jin Faransanci. Tahiru babu ko bakin rawaninsa.

"Cikina ne ya ɓaci, shef," in ji Tahiru da aka sake tambayarsa. "Na zaga."

"Awa guda?"

"Nonon raƙumi na sha."

Aka bar shi ya tafi gida. Sufeto ya wuce bariye, ya sami jandarman da ya yi cajin.

"Kun duba ko'ina?"

"Har ƙarƙashin kujeru."

"Ba abin da ya tsaya maka a rai?"

Jandarman ya ɗan yi tunani. "Sai rowar ɗan jagoran nan. Tagella sukutum guda naɗe a tsumma gaban gilashin mota. Na ce ya gutsuro mini, ya ce ta wani mara lafiya ce. Shekara huɗu ina kan hanyar nan, ba wanda ya taɓa hana ni burodi."

Kin ji inda Tahiru ya faɗi. A hanyar sahara ba a hana mutum abinci, ko wanda kuke gaba ne. Da ya gutsura masa gefe, da mutumin ya manta da shi.

Ran Laraba da hantsi sufeto ya je ɗakin da Tahiru ke kwana da wasu mutum biyar. Tagellar na cikin jakarsa, ta bushe kamar dutse.

"Ina mara lafiyan?"

"Ya warke, shef."

"Madalla. To mu ci."

Sai da ya buga ta a dokin ƙofa sau biyu kafin ta tsage. Sarƙar ta faɗo, ƙullu ya maƙale a duk ƙofofinta.

Tahiru ya cire tabarau. Ya ce ɗaya cikin baƙin ne ya taya, Laure ta ce ba ta sayarwa ba ce, shi ne mutumin ya ce a kai masa otel kafin jirginsa na Alhamis.

"Ka san Sha'ibu kamyo zai hau?"

"Na ce ai zai dawo, shef. Kowa na dawowa."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban kaskona, rawanin na ja a ƙasa. Baƙon da aka tambaye shi ya ce bai taɓa magana da Tahiru ba, ya hau jirginsa. Sha'ibu ya fito da la'asar, ya ci ƙosai tara a tsaye, ya tafi wajen matarsa. Laure kuwa kwana biyu tana sakace sarƙa da tsinke.

To ina malaminki a nan, Gwamma? Ran Asabar fa ya aiko matarsa ta tambaye ni ko an sami zoben. Bai ma san sarƙa ce ba.