Sunan Farko a Jerin Namadi

A shekarun da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙudurta cewa 'ya'yan ƙasa ne za su gaji kujerun Turawa, an ware wa gundumar Tambuwal gurbi guda na jami'in ilimi. Namadi, magatakarda a ofishin hakimi, ya zauna jarrabawar neman gurbin sau biyu bai ci ba. Maimakon ya duƙufa ga karatu, sai ya hau keke ya nufi dajin Kebbe.

Da rana tsaka ya iske Bube boka a gindin wata tsamiya wadda tsuntsu ba ya sauka a kanta. Ga tulu binne har wuya, bakinsa ya yi baƙi da tsohon jini, an kewaye shi da ƙahonin awaki.

"Kujera kaka so, ɗan boko?" in ji Bube. Ya tsoma alƙalamin Namadi a tulun. "Duk jerin sunayen da aka ba ka rubutawa, na farko namu na. In ka ƙi, mu zaɓa cikin gidanka."

"Mi za ku yi da shi?"

"Kai da kaz zo biɗar aiki, ina ruwanka da aikin wasu?"

Namadi bai sake tambaya ba. Ya sami kujera, ya gina gidan kwano, ya sayi mota. Amma cikin aikinsa har da rubuta sunayen yaran da aka keɓe wa gurabe a makarantun Sakkwato. Yaron farko, ɗan Sanyinna, bai ga ƙarshen zango ba. Na farkon jerin shekara ta biyu, daga Fakku, an dawo da shi ɗaure da igiya, bai san uwarsa ba. Namadi ya jefa alƙalamin a rijiya, abin bai sake ba. Shekarar da ya miƙa wa wani rubutun, ƙanen Namadi ya faɗi matacce a gona.

Sai umarni ya zo cewa a bai wa 'ya mace gurbi guda. Duk gundumar, 'yarsa Madina kaɗai ta kammala firamare.

"Malam, na ɗinka mata kaya tun jiya," in ji matarsa Zahara'u tana murmushi. "Kana ta juya takarda kamar mai duba."

Ya koma gindin tsamiya. "Ku amshi sunana, ku bar ɗiyata."

"Naka? Tun ran da kaz zo muka amshe shi."

Duk da haka ya rubuta sunansa a sama, na Madina a ƙasa. Akawun da ya karɓi takardar a Sakkwato ya ɗauka kuskure ne, ya soke layin farko da jan tawada. Madina ta cika a cikin motar da ke kai ta makaranta.

Har ya mutu, ana ganin Namadi a kasuwar Tambuwal cikin tsumma, yana rubuta sunansa a ƙasa, yana roƙon masu wucewa kada su taka. An buɗe guraben nan ne don 'ya'yan talakawa su ɗaga kai; kwaɗayin mutum guda ya mayar da su kaburbura. Allah Ya tsare mu da neman ɗaukaka ta hanyar shirka.