Rigar Gasa Ta Bar Ɗaki

"Gadi na ce ka yi, ba barci ba!"

"Ai barcin ma a ɗakin na yi shi, maman yara."

A haka Sufeto ya same su a hawa na biyu na otal ɗin, miji da mata, kowa ya ja daga. Ita tela ce. Ta zo gasar ɗinki da za a yi da yamma a zauren otal ɗin, inda kowace tela za ta sa rigar da ta ɗinka, ta taka a kan dandamali. Rigarta kuwa ta yi ɓatan dabo. Hanga kaɗai aka bar mata a cikin kabad.

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙwarzane babu. Manaja ya ce su nan ba a ba da mukulli, a waya ake sa wa baƙo, ya kara ta a jikin ƙofa ta buɗe. Wayoyi biyu ne ke buɗe wannan ɗaki, ta matar da ta mijin. Masu shara ma ba su iso hawan ba tukuna.

Sufeto ya kalli gado. A shimfiɗe yake sumul, kamar an bi shi da dutsen guga. Ya kalli mijin. Akwai maiƙo a gaban rigarsa. Ya ja shi waje.

"Malam, a tsaye ka yi barcin?"

Mutumin ya waiga, ya rage murya. Likita ya hana shi soyayyen nama, maman yara kuma ta fi likitan tsanani. Tana sauka wajen gwaji, shi ma ya zame zuwa ɗakin cin abinci, wayarsa a aljihu. Kofur da ya zo tare da Sufeto ya je ya tambayo. Masu raba abinci suka ce ai ba za su manta da shi ba, ya kusa ƙarar musu da kaji.

"Don Allah, ranka ya daɗe, a bar wannan tsakaninmu."

Sufeto ya koma cikin ɗakin.

Saura wayar matar. Ta rantse ba ta rabu da ita ba tun safe. Ƙawarta da take kira Anti, wadda ita ma tela ce kuma tana cikin gasar, tana zaune kusa da ita tana mata fifita. Ta ce ita shaida ce, tare suka wuni.

"Kin ce kin hau dandamali kin yi gwaji," in ji Sufeto. "Da wayar a hannu kika taka?"

Telar ta kalli wayar. Sai ta tuna. Ta ba Anti ta ɗauke ta bidiyo daga bayan zaure, don ta ga yadda tafiyarta take. Amma wannan ai ba rabuwa ba ce. Anti ce fa.

"Ina bidiyon?"

"Bai ɗauku ba," in ji Anti da sauri. "Ka san ni da waɗannan wayoyin."

Sufeto ya karɓi wayar. Ya san abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yakan kwanta a kwandon shara na wayar. Ya shiga can. Bidiyo ɗaya ne.

Kowa ya matso. Da farko ga telar tana taku tana yauƙi, har mijin ya ce kai, maman yara. Sai hoton ya karkata. Kafet. Matakala. Wasu ƙafafu cikin jan takalmi suna hawa da sauri, da haki. Ƙofa ta yi ƙit. Sannan wata murya ta ce a hankali, "Allah ya isa, wannan yarinya ta iya ɗinki."

Duk idanu suka sauka ƙasa. Anti ta ja jan takalminta ƙarƙashin kujera.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce ita ta koya wa yarinyar riƙe almakashi. Jiya da ta ga rigar, ta san tata ba za ta kai ko'ina ba. Ta yi niyyar mayar da ita da zarar an gama gasa. Sai da ta dawo zaure ta lura wayar na ɗauka, ta goge.

"Na ma ɗauko almakashi," ta ce. "Na kasa."

Kofur ya dawo daga ɗakin Anti da rigar cikin rigar filo. Ko zare bai zare ba. Telar ta rungume ta tana dariya tana hawaye, har ta ce ta yafe wa baban yara kajin, don tun ɗazu ta ji ƙamshinsu. Da aka zo fita da Anti, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a dai goge hannun rigar, ya yamutse.

Sufeto ya so ya bi su ofis, amma telar ta ce ba inda za shi sai ya ga abin da ya ceto. Ta shiga banɗaki, ta fito sanye da rigar. Manaja ya fara tafi, mijin ya bi. Sufeto kansa, da murmushi ke wa wuya, sai da haƙoransa suka bayyana.

A ƙasa an fara kiran 'yan gasa. Telar ta ɗauki wayarta, ta miƙa ta gefe inda Anti ta saba tsayawa. Hannunta ya tsaya a iska. Ta kalli mijinta, ta kalli manaja, ta kalli Sufeto.

"To yanzu wa zai ɗauke ni bidiyo?"