Babur Ɗin Baƙon Andarawus

Ranar Lahadi da hantsi Sufeto Maman Lawali na zaune shi kaɗai a kwamisariyar Maraɗi, wato ofishin 'yan sanda. An kwashe sauran 'yan sanda zuwa gadin taron jam'iyyu. Sai ga mutum biyu sun shigo.

"Babur ɗina aka sace, ranka ya daɗe," in ji dogon. "Sunana Zakariya'u, daga Funtuwa. Ran Juma'a na zo wurin abokina, yau zan koma. Matata na kan gwiwa."

Abokin, Andarawus, shi ma ɗan Funtuwa ne. Tun da rikici ya ci shagonsa da matarsa ya ƙetaro Nijar, yana gyaran injinan ban-ruwa a Jiratawa.

Sufeto ya bi su gidan Andarawus a Sabon Gari. Ɗaki ɗaya ne: katifa, rediyo, sai sabon kofi da sabuwar tabarmar salla da aka saya don baƙo. Ya duba kwaɗon zaure. Ba a taɓa shi ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai," in ji Andarawus. "Wataƙila na manta ban kulle ba da zan tafi coci a Tibiri. Shi yana barci."

A ƙofar gida Rabi mai ƙosai ta ce ba ta ga baƙuwar fuska ba.

"Andarawus fa, yana yawan yin baƙi?" in ji Sufeto.

"Wa? Tun zuwansa unguwar nan ban taɓa jin dariyarsa ba sai shekaranjiya. Har kaza ya yanka."

Sufeto ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri, ya tambaya ko Andarawus ya zo coci. Fasto Hezekiya ya girgiza kai.

"Yau bai zo ba. Ko ya zo ma, bencin baya yake zama, ya fita kafin a gaisa."

Da la'asar Sufeto ya samu mota, ya ɗauki mutanen biyu, ya nufi Jiratawa, wurin aikin Andarawus. Andarawus bai tambayi inda za su ba. A bukkar injin ruwa, ƙarƙashin buhunan albasa, ga babur nan, an wanke shi tas.

"Sayarwa za ka yi?" in ji Sufeto.

"A'a." Andarawus ya zauna a bakin kwata. "Da asuba na turo shi. Na ce in babu babur zai ƙara kwana biyu. Sufeto, a garin nan babu wanda ya san sunan matata. Shi ya sani. Jiya ya ambace ta har da irin dariyarta."

Zakariya'u ya matso kusa da shi.

"Ai da ka roƙe ni."

"Da ka ce a'a."

"Da na ce a'a," in ji Zakariya'u a hankali. Ya juya ga Sufeto. "Na janye ƙara."

"Sai ya zo ya yi bayani gaban kwamishina gobe. Ya yi wa hukuma ƙarya," in ji Sufeto.

Sufeto bai sa wa Andarawus ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar baya ta motar.

Zakariya'u ya tada babur, ya biyo su har bakin kwalta. Nan ya ɗaga hannu, ya karya kudu, hanyar iyaka. Andarawus ya juya a kujera yana kallonsa ta gilashi, bai gyara zama ba har suka shiga gari.