Alluran da Suka Kwanta

"Tsohon jirgin nan ai ya yi ritaya, sai dai a hau a yi hoto."

Wani makanike ne ya faɗa wa abokinsa a bakin rumfar gyaran jirage, lokacin da ake fito da gawar yayanta. A ƙarƙashin jirgin aka tsince shi, an buga masa sifana a ƙeya. Ba ta yi kuka ba. Maganar ce kawai ta maƙale mata.

Washegari Insifekta ya kira ta ofis tare da mijinta, matuƙin jirgi a kamfanin da Yaya ke wa gyaran jirage.

"Kyaftin, ina kake da hantsin jiya?"

"Ina sama, ranka ya daɗe. Har hoto na turo mata."

Ta miƙa wayar. Tun jiya ba ta yarda ta sake buɗe hoton ba. Ga shi nan yana murmushi, wurin tuƙin jirgi a bayansa.

"Wane jirgi ke nan?"

"Sabon."

Insifekta ya sa aka shigo da babban injiniya. Dattijon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Sabon jirgin allo ne da shi, kamar talabijin. Wannan kuwa agoguna ne jere, ga sitiyari irin na da. Ɗaya ya rage mana haka, kuma shekara da shekaru bai bar rumfa ba."

"Hotunan ne suka cakuɗe min," in ji mijinta.

"To bar zancen jirgi," Insifekta ya ce, yana buɗa hoton da yatsu. "Allurar tsayi a kwance. Ta gudu a kwance. Ta mai ma haka. Ko kai da addu'a kake tashi, Kyaftin?"

Ba wanda ya yi dariya. Ita fankar sama take kallo.

Can mijinta ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Idona ne. Na fara kasa karanta ƙananan lambobi. Yaya ne ya gano, ya ce zai gaya wa manya kafin in hallaka mutane. Na roƙe shi, ya juya min baya."

Wani kofur ya sa masa ankwa. Har sun kai ƙofa ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Baban Yara."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Lokacin da kake wannan murmushin, Yaya yana numfashi?"