Wasiƙar da Maude Ya Danne

Tun Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, an yi wani attajiri a Batsari, Maude, wanda ba abin da ke gabansa sai tara wasiƙun malaman da suka shuɗe. In dillali ya fito da takardun mamaci yana neman mai ƙara tayi, sai Maude ya ga bayan kowa. Wadda ya fi ji da ita ta hannun marigayi Malam Sammani ce na Darini. Ya ga sunan wanda aka rubuta wa, ya san ba na bil'adama ba ne, amma kyan rubutun ya rufe masa ido. Ya kulle ta a adaka shekara bakwai.

Wata magariba 'yarsa Shafa'atu na kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo cikin tukunya, jiƙe da gansakuka, alhali ana tsakiyar rani. Wani ya biyo. Yarinyar ta juyo a hankali, ta ce da muryar tsoho, "Maude, ina saƙona?"

Kwana tara ba ta haɗiyi loma ba. Tsoro ya kama Maude, ya aika Safana aka ɗauko Malam Yusha'u mai magani. Malam ya yi ta tofi har muryar ta dawo.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Aljani ne, almajirin Sammani. Ya sa ni tsaron rijiyar Yasore, ya ce kada in motsa sai takardar sallama ta iso. Ya rubuta, ajali ya riga shi aikawa. Uwata ta mutu ina can ina jira."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba. Me zai raba ku?"

"Maude ya wanke takardar da hannunsa, ta sha, saƙo ya iso ni."

Maude, da 'yarsa kwance kamar kara, ya iya buɗe baki ya ce, "Gafarta Malam, ko a kwafa masa wata?"

Malam ya tura masa ƙwaryar ruwa. Kunya ta rufe Maude, ya wanke takardar yana hawaye, yarinyar ta sha.

"Na tafi," in ji muryar. "Amma Maude ya hana ni karanta tawa. Shi ma ya ɗanɗana."

Shafa'atu ta yi atishawa, ta nemi fura.

Da safe Maude ya buɗe adaka, ya ga takardu fari fat. Ya miƙa wa Malam ɗaya. "Duk sun goge ko?"

Malam ya duba, ya ce, "Rubutu na nan daram, Maude. Ka nemi mai karanta maka."