Agoguna Bakwai na Ammu Ƙasimu

"Kwanta! Na ce kwanta!"

Bakri ya banke ƙofar falon da ƙafa, bindiga a hannu. Ƙarfe biyu da kwata na rana. Unguwar Anbariyya da ke birnin Ma'aiki ta yi tsit, kowa ya shige ɗaki yana ƙailula cikin sanyin na'ura.

Tsoho Ƙasimu bai kwanta ba. Yana zaune a kujerarsa, carbi a hannu, yana kallon mutum biyu da suka naɗe fuska da shimag, rawanin nan na Larabawa. 'Yarsa Zulfa ta saki farantin shayi, kofuna suka tarwatse a kan tayil.

"Ke, bango! Juya bango!"

Ta juya tana waiwaye.

Idrisa ne na biyun. Bai kalli tsohon ba, bai kalli Zulfa ba. Kai tsaye ya nufi kantar da ke jikin bango.

Agoguna bakwai ne a jere, duka aikin Faransa, kowanne ya haura shekara ɗari biyu. Akwai na farin marmara mai ginshiƙai huɗu, fuskarsa tana rataye a tsakaninsu. Akwai baƙi mai ɗan tulu a kansa, an zagaye shi da kambun ganye na tagulla da aka sha wa ruwan zinare. Akwai ƙarami na kan tebur, wanda tafin hannu zai rufe shi. Ƙasimu bai taɓa sayen mai siffar mutum ko mai fukafukai ba, ya ce ba za a ajiye gunki a gidansa ba. Ginshiƙi, tulu, ganye, shi ke nan. A tsakiya kuma shuɗi yake tsaye, mai siffar tambur irin wanda ake kaɗawa a Sudan, da rana ta zinare a samansa.

Shekara ashirin da biyu Idrisa yana zuwa gidan nan duk ranar Alhamis. Daga Sudan ya zo yana saurayi, ya buɗe ɗan shagon gyaran agogo bayan masallacin Anbariyya. Shi yake yi musu wani da makulli, shi yake ɗiga musu mai, ya san wanda yake gudu da wanda yake nawa. Watan jiya babban ɗan Ƙasimu ya tare shi a ƙofa, ya gaya masa da Larabci cewa halas, wato an gama, an samu mai sayen agogunan a Dubai, kada ya ƙara wahalar da kansa. Idrisa ya ce to. Ya koma shago ya zauna. Bayan kwana uku Bakri, wani ɗan Chadi da yake sayar da wayoyin da ba a tambayar asalinsu, ya zo sauya batirin agogon hannu, hira ta yi hira.

"Ni shuɗin kawai nake so," Idrisa ya ce masa a ranar. "Sauran naku ne. Amma ba a taɓa kowa."

"Wallahi ko ƙuda," in ji Bakri.

Yanzu ga su.

"Yalla, yalla! Zuba su a kwali!" in ji Bakri.

Idrisa bai yi sauri ba. Ba a ɗaukar irin waɗannan da lilon da ke kaɗawa a cikinsu, zaren da ya riƙe shi yakan tsinke. Ya buɗe bayan na farko, ya tsayar da lilon da ɗan yatsa, ya zare shi, ya naɗe a tsumma, ya sa a jakarsa tare da makullin da ake yi wa agogon wani. Na biyu haka. Na uku haka. Ƙarar da ta cika falon tana raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon yana kallon hannayen.

"Idrisa," ya ce a hankali. "Kai ne?"

Idrisa ya ci gaba da naɗe lilo.

"Ɗana, in shuɗin ne, riƙe shi ta ƙasa. Wuyansa ya—"

Bakri ya ɗaga gindin bindiga. Ƙum!

Zulfa ta ƙwala ihu. Ƙasimu ya sulale daga kujera, kansa ya bugi ƙafar tebur. Jini ya fara bin layin tayil.

Idrisa ya duba. Ya ga jinin, ya ga carbin a ƙasa. Sai ya juya ya zare lilon na bakwai.

A waje Balarabe yana cikin farar mota mai ɗaukar kaya, injin a kunne. Direban jakunkuna ne a filin jirgi, an gaya masa kaya kawai zai kai Jidda. Sai ya ga jini a hannun rigar Bakri.

"Jinin wa ne wannan?"

"Ja mota, kai!"

Suka bar unguwar.

Minti goma sha biyu bayan haka motar asibiti ta tafi da tsohon. Mulazim Hamid, wani hafsan 'yan sanda, ya tsaya a gaban kantar da babu komai a kanta sai shatin ƙura guda bakwai. Jikan Hausawa ne, yana jin harshen, amma da Larabci ya saba amsawa. Ganin halin da Zulfa take ciki, ya lallaɓa ya yi mata Hausar kakarsa, harshen da ake yi a gidan Ƙasimu.

"'Yar'uwa, kin ga fuska?"

"Ban gani ba. Ɗayan ne ya bugi Baba. Ɗayan kuwa bai ce uffan ba, yana ta cire musu lilo yana naɗewa a tsumma."

"Ɓarawo yana naɗe lilo?"

"Baba ya kira sunansa." Sai ta ƙara da cewa, "Ammu Idrisa ne, kamar baffa yake a wurinmu. Shi ya koya mini karanta lambobin Rumawa a fuskar agogo."

Hamid ya ɗaga rediyo. Kyamarar maƙwabci ta riga ta ba da lambar motar.

Suka kama hanyar Bi'ir Ali. Idrisa yana baya tsakanin kwalaye, ya dafa na shuɗin da hannu ɗaya saboda gargada. Bakri yana ta kallonsa ta madubi.

"Tsohon ya san ka," ya ce.

"Ya san ni."

"Yarinyar ma ta ji."

"Ta ji."

"To kai ba ka da abin cewa?"

Idrisa ya gyara zaman kwalin shuɗin.

Kusa da masallacin miƙati, inda manyan motocin alhazai suke tsayawa a ɗaura harami, Bakri ya taɓa kafaɗar Balarabe.

"Tsaya nan. Malam Idrisa, sauka ka sayo mana ruwa, maƙogwaro ya bushe."

Idrisa ya sauka, jakarsa a kafaɗa. Bai kai taku biyar ba ya ji tayoyi sun yi ƙara. Ya juya. Farar motar ta shige tsakanin bas biyu ta ɓace.

Ya ƙarasa shagon, ya sayi ruwa gora uku kamar yadda aka aike shi. Ya samu dakali a inuwa ya zauna.

Sun yi kilomita tara kafin Bakri ya kira wanda zai sayi agogunan a hannunsa a Jidda. Mutumin ya yi tambaya ɗaya. Bakri ya tsallaka baya, ya yage kwali, ya buɗe bayan agogo. Wayam. Ya yage na biyu. Wayam!

"Ɗan iska! Duk lilon yana jakarsa! Juya!"

"Ina? Bakri, ka haukace? 'Yan sanda sun cika—"

Bakin bindiga ya taɓa wuyan Balarabe.

"Na ce juya!"

Ya juya. A dawowar ne motar sintiri ta hango lambar. Jiniya ta tashi. Ɗaya, sai biyu, sai uku.

"Taka! Taka, kai!"

"Matata Rakiya tana da ciki, Bakri! Ni zan tsaya!"

"Ka tsaya in fasa kanka!"

Gudun ya kai ɗari da arba'in. Wata bas ta alhazai ta fito daga kwana. Balarabe ya murɗa sitiyari — motar ta daki shingen kankare, ta tashi, ta juya sau biyu, ta kife. Ƙofar baya ta ɓalle. Marmara da tagulla da gilashi suka watsu a kan kwalta, wani ɗan ginshiƙi ya yi ta gangarawa har bakin rami.

Da la'asar Hamid ya sami Idrisa a kan dakalin. Alhazai cikin fararen mayafai suna wucewa ta gabansa suna talbiyya. Gorunan ruwa uku suna gefensa, ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Kai ne Idrisa?"

"Ni ne." Ya miƙa jakar. "A riƙe ta a tsaye."

Balarabe ya mutu a kan sitiyari. Matarsa Rakiya ta haihu bayan wata biyu, aka mayar da ita Nijar da jaririn, don iƙamarta, takardar izinin zama, a kan sunan mijin take. Bakri ya fita da karyayyen ƙugu, alƙali ya yanke masa hukuncin kisa. Ƙasimu ya cika kafin magariba, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a washegari. Cikin agoguna bakwai, ƙaramin na tebur ne kaɗai ya tsira. Shuɗin, da tsintsiya aka kwashe shi.

Duk wannan Hamid ne ya gaya wa Idrisa, guntu-guntu, a ranaku daban-daban. Kowane lokaci Idrisa yakan gyaɗa kai ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ba ya motsawa. Yana cin abinci, yana salla, yana barci.

Shekara goma sha biyar aka ba shi, sannan a kore shi daga ƙasar.

Ranar hukuncin, ana fita da shi ta barandar kotu, Zulfa ta tsaya a gabansa. Ɗan sandan ya so ya janye shi, ta ɗaga hannu.

"Ammu Idrisa, tambaya ɗaya."

Ya tsaya.

"Shekara ashirin da biyu kana shan shayi da Baba. Da ka ce masa kana son shuɗin, wallahi da ya ba ka. Me ya sa ba ka roƙa ba?"

Idrisa ya daɗe yana kallon ankwar da ke hannunsa. Yana neman amsa da gaske.

"Bai zo mini a rai ba," ya ce.

Ta ci gaba da kallonsa, ko akwai saura. Babu. Ɗan sandan ya taɓa gwiwar hannunsa, suka wuce.