Wanda Ba Shi da Ɗa a Makaranta

Ranar da Turai ta fara ganin Abdulwahab, a cikin ajinta ta tarar da shi, zaune daram a kan teburinta, yana raba rigimar tukunya tsakanin mata biyu.

An daɗe da rufe firamaren nan ta Umarari. Mutanen da suka gudo daga garuruwan bakin tafki aka zuba a azuzuwan, suka mai da bencina gadaje, suka rataya zannuwa a jikin allo. Ita Turai malamar aji uku ce, littattafanta kawai ta zo ɗauka.

"Malam, sauka daga teburina," ta ce.

Ya diro da sauri har hularsa ta faɗi, ya gaishe ta da Barbarci. "Wushe, Malama. Ki yi haƙuri, ofishina ke nan. Ni ne kansilan mutanen nan."

"Kansilan ina?"

"Na garin da babu kowa a cikinsa yanzu."

Ta so ta yi dariya, da ta dubi idonsa sai ta fasa. Lambar wayarta kuwa da sunan maganar makaranta ya karɓa, amma ba a yi maganar makarantar ba ko sau ɗaya a saƙonnin da suka riƙa aika wa juna.

"Malamata, na tsinci alli a ƙarƙashin teburinki. Ki zo da kanki, ba na ba da saƙo."

"Kansila, a kan alli ɗaya? Na bar maka."

"To zuciyar da kika tafi da ita fa, ita ma in bar miki?"

Haka abin ya kama su, a garin da ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gaban mutum ya faɗi. Turai ta so shi, so na gaske, kuma tana tsoron ranar da mahaifinta zai ji.

Malam Ajimi, mahaifin nata, shi ne shugaban kwamitin iyayen yara na makarantar. Mutum ne mai ƙa'ida, har ta kan yi masa yawa. Dokar taronsu guda ce: wanda ba shi da ɗa a makarantar, ba shi da bakin magana. Babu abin da ke ci masa rai kamar ganin yaran unguwa suna gararamba a titi.

Ga kuma Hashim, kansilan unguwar, wanda ba zaɓensa aka yi ba, naɗa shi aka yi daga sama. Mutanen Umarari sun fi sanin motarsa a kan fuskarsa, sai da ya ƙyalla ido ya ga Turai ya koyi hanyar gidansu. Ya yi wa Malam Ajimi alkawarin kwashe baƙin zuwa wani fili a bayan gari, a buɗe makaranta.

A taron da aka kira a kan haka, Abdulwahab ya miƙe.

"'Ya'yanka nawa a makarantar nan?" in ji Malam Ajimi.

"Babu, Baba."

"To zauna."

Da ya zauna ɗin da an huta. Amma zuciya ta ɗebe shi, ya ce, "Mutanena ba za su tashi ba, ko makarantar nan za ta shekara goma a rufe!"

Turai na cikin malamai a gefe, maganar ta soke ta. A gida Malam Ajimi, wanda ashe ya san komai, ya ce kada ya ƙara jin sunan yaron nan a bakin kowa.

Ta rubuta masa: "Ashe yaran da nake kuka a kansu ba a bakin komai suke ba a wurinka."

Ya amsa: "Hasken idona, filin nan ko katanga babu. Na binne mutane da yawa da hannuna, ba zan iya ƙarawa ba. Kada ki juya min baya, ke kaɗai kika rage min."

Ta karanta tana hawaye, ba ta amsa ba. Tana ganin gaskiyarsa, tana ganin ta mahaifinta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Zaman gida ya gagare ta. Ta ɗauki ƙaramin allo ta kafa a gindin dogonyaron makarantar, ta fara koyar da duk yaron da ya zo, ɗan unguwa ko baƙo. Abdulwahab kan tsaya daga nesa, ita kuma ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Ranar taron yanke magana, Hashim ya zo har da manyan motocin kwasar kaya. Ana shirin ɗaga hannu sai wata tsohuwa daga cikin baƙin, Yakaka, ta miƙe tana dogara sanda.

"Wannan ba 'yar mazaɓata ba ce," in ji Hashim.

Malam Ajimi bai dube shi ba. "Iya, kina da ɗa a makarantar nan?"

"Jikata tana wurin 'yarka, gindin bishiya. Har sunanta ta iya rubutawa."

Malam Ajimi ya juya ya dubi Turai, ta sunkuyar da kai. Dokarsa ce, ba shi da yadda zai yi da ita.

"Yi magana, Iya."

"Wannan ya ce mu tashi, namu ya ce ba mu tashi," ta ce da Hausarta ta Barebari. "A cikinsu wa ya tambaye mu? Mu mata mun gama shawara tuntuni. Mu matsu a azuzuwan baya, a buɗe na gaba. Mu ma haihuwa muka yi, karatu muke so wa yaranmu."

Hannuwa suka tashi, na 'yan unguwa da na baƙi. Motocin Hashim suka koma babu ko tabarma. Abdulwahab ya durƙusa a gaban tsohuwar, kunya ta rufe shi. "Kaka, na yi ta magana da sunanku ban saurare ku ba. Ku yafe min."

Bayan la'asar Malam Ajimi ya kira 'yarsa.

"Tsohuwar nan ta hana ni cin abinci. Hashim ya faɗi tasa, ni na faɗi tawa, ke ban tambaye ki ba. Wa kike so?"

Ta ce, "Wanda ka ce ya zauna, Baba."

"Ba shi da gida. Kuma ranar da hanya ta buɗe, can zai tafi da ke."

"Na sani, Baba."

Sai ya ce, "Ya turo manyansa."

"Babu wanda ya rage masa."

"Azuzuwan nan cike suke da manyansa."

Ta koma ɗaki, ta rubuta: "Kansilana, Baba ya tambaye ni, na faɗa masa."

"Me kika ce, Malamata?"

"Nemo babbar riga."

An ɗaura auren ranar Juma'a a ƙofar gida, ba kiɗa ba taro mai yawa, ana laluba aljihun kowa kafin ya zauna. Dattawan azuzuwa suka karɓa wa Abdulwahab aure. Da liman ya shafa, aka ce uban amarya ya sa albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," ya ce. "Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa, ya mai da kowa garinsa."

Ya san ranar da aka amsa addu'ar nan, ranar 'yarsa za ta yi masa nisa. Turai na jin sa daga bayan labule, tana kuka. Jama'a suka ce amin, shi ma ya share ido ya ce amin.